Yadda Iska Take Suya

Wata ɗiyar yayana da aka kai ɗakin miji a Kebbe ta kira ni da hantsi, muryarta cike da damuwa. Ta ce, "Gwaggo, wannan akwatin da aka sa mini cikin kayan kicin, an ce yana suya ba tare da mai ba. Na zuba ƙullun ƙosai, rabi ya tsiyaye ƙasa ya ƙone, sauran kuma ya bushe ƙamas kamar ɓawon itace." Na ce ta kwantar da hankalinta, na'urarta lafiya lau take, ƙosai ne ba abincinta ba. Dalilin hakan ya fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna in rubuta shi a tsanake, saboda ita, da kuma ke da kika sami irin wannan na'ura ko kike shawarar sayenta.

'Yan kasuwa suna kiranta eya-firaya, wato mai suya da iska. Iri biyu za ki fi gani. Akwai mai kwando guda da ake jawowa kamar durowa, akwai kuma mai siffar ƙaramin akwati da ƙofar gilashi da raga hawa biyu ko uku a ciki, wasu har da ƙarfen da ke juya kaza. Wannan ta biyun ce a ɗakin ɗiyata, kuma ita zan fi yi miki magana a kai, ko da yake aikinsu ɗaya ne. Amma kafin mu buɗe ta, mu koma bakin murhu tukuna, domin a can amsar take.

Ki tuna ranar da kika soya dankali a kasko. Da kika zuba shi cikin mai, sai man ya ɗauki ƙara yana kumfa. Da yawa daga cikinmu muna cewa mai ne yake tafasa, alhali ruwan da ke jikin dankalin ne yake fita yana zama tururi. Ruwa yana da iyaka: da ya kai digiri 100 sai ya tafasa, kuma ko kin ƙara itace goma ba zai wuce nan ba. Shi ya sa dafaffen dankali yake fitowa da laushi, launinsa bai sauya ba. Mai kuwa yana wuce wannan iyaka nesa, domin suya tana gudana ne tsakanin digiri 170 zuwa 190. A irin wannan zafi fatar dankalin tana bushewa nan da nan, kuma da ta bushe ta haura wajen digiri 140 sai wani abu ya fara faruwa: sukarin da ke cikin abincin yana haɗuwa da sinadaran furotin, su haifar da launin ja-ja da ƙanshin nan da ke kiran maƙwabta. Wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Ita ce a bayan ɓawon burodi, da jan tsire, da ƙanshin soyayyar albasa.

To, kin ga babban aikin mai a kasko aikin ɗan aike ne. Yana ɗauko zafi daga wuta ya kai shi kowane lungu na jikin abinci. Tambayar da za ki yi yanzu ita ce, shin ba wani ɗan aiken sai mai?

Akwai, kuma kin daɗe da saninsa. Mai suyar gyaɗa ba ta zuba mai. Rairayi take zubawa a kasko, ya ɗauki zafi, ta riƙa juya gyaɗar a cikinsa har ta soyu. Rairayin ne ya maye gurbin mai, domin yana zafi fiye da ruwa kuma yana taɓa ko'ina a jikin ƙwayar. Mai gurasa kuma yana manna ƙullunsa a bangon tanderu, zafin yumɓu da zafin iskar cikin tanderun su gasa ta. Eya-firaya 'yar gidan tanderu ce. A gaskiya gashi take yi, sunan suya 'yan talla ne suka laƙaba mata saboda abin da ke fitowa daga cikinta yana kama da soyayye. Idan kika riƙe wannan, rabin ruɗanin ya warware.

Sai dai iska malalaciyar 'yar aike ce. Za ki iya miƙa hannu cikin tanderu mai zafi na ɗan ƙiftawar ido ki ciro gurasa, amma ba wanda zai tsoma yatsa cikin mai mai zafi haka. Iska ba ta da nauyi, ba ta ɗaukar zafi da yawa a lokaci guda. Bugu da ƙari, abinci yana fitar da tururi, tururin kuma yana tsayawa ya lulluɓe shi kamar mayafi, ya hana sabon zafi isa jikinsa. Yaya za a yi a yaye wannan mayafi?

Ki dubi shanya. Kayan da kika wanke da damina, ranar da garin ya yi lumshi babu iska, sai su wuni ba su bushe ba. Irin waɗannan kaya da hunturu, ko da sanyi ake yi, kafin azahar sun bushe, domin iska tana wucewa tana kwashe danshin, tana kawo busasshiya a madadinta. Haka kike hura koko a ludayi don ya huce, haka maƙeri yake zuga wuta da zuga-zugi. Iskar da ke gudu tana aikin da iskar da ke tsaye ba za ta iya ba. Wannan ita ce dukkan hikimar na'urar. Idan kika leƙa rufinta daga ciki, bayan kin zare ta daga wuta, za ki ga ƙarfe a nannaɗe irin na hita, wanda yake yin ja idan lantarki ya bi ta cikinsa, a kusa da shi kuma akwai fanka mai ƙarfi. Ƙarfen yana zafafa iska, fankar tana koro ta kan abinci da gudu, iskar ta bi ta ƙarƙashin raga ta zagayo. Da yake akwatin ƙarami ne, zafin ba ya ɓacewa a banza, kuma ba a daɗe ana jiran ta ɗauka. Akwai kuma wani ɗan mai gadi a ciki da ke kashe ƙarfen idan zafin ya kai inda kika saita, ya sake kunna shi idan ya ragu, daidai yadda dutsen guga na lantarki yake yi. Manyan tanderun da ke da fanka sun daɗe a gidajen burodi. Abin da kamfanin Philips ya yi a 2010, lokacin da ya nuna tasa a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin a Jamus, shi ne matse dabarar cikin abin da zai zauna a kan teburin kicin.

Yanzu ke da kanki za ki iya ba ɗiyata amsa. Ƙullun ƙosai ruwa-ruwa ne, an buga shi iska ta shiga cikinsa. Da ya faɗa mai, man yana rungume shi ta kowane gefe, ya ɗaure masa fata cikin daƙiƙoƙi, ya ɗaga shi yana yawo, iskar da ke ciki ta kumbura shi. A kan raga ba abin da zai tallafe shi, sai ya bi huji ya zube kafin zafi ya kama shi. Haka fanke yake, haka duk wani ƙullu da ake ɗiba da hannu ko cokali a jefa a mai. Masa ma ki bar ta a tandarta. Don haka kafin ki sa komai, ki tambayi kanki: wannan abincin zai iya zama da kansa a kan raga? Dankali zai iya, da doya, da rogo, da ayabar suya, da awara, da kaza, da zabo, da kifi, da samosa da aka naɗe. Ƙosan da ya huce ma zai iya, minti uku ko huɗu a ciki su dawo masa da ɓawonsa.

Mu gwada da dankalin Hausa, tunda shi ne ba ya wuyar samu a kasuwannin ƙasar Tambuwal idan kakarsa ta zo. Ki fere shi ki yanka shi tsaye-tsaye, kaurin ɗan yatsa, ki yi ƙoƙari yankan ya zama ɗaya, domin siriri zai ƙone kafin mai kauri ya nuna. Ki jiƙa shi cikin ruwa kamar minti ashirin don sitacin da ke bayansa ya fita. Sannan ki tsane shi, ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Kada ki raina wannan gogewar. Kin riga kin san cewa muddin akwai ruwa a fatarsa, zafin wurin ba zai wuce digiri 100 ba, kuma duk mintocin da na'urar za ta ɓata tana busar da ruwan, mintoci ne da ba ta yi suya ba.

Daga nan ki zuba shi a kwano, ki sa man gyaɗa cokali ɗaya na cin abinci ga dankalin da zai ishi mutum biyu, ki cuɗa da hannu har kowane yanka ya yi sheƙi. Na san an ce miki ba a sa mai ko kaɗan. Ni ban yarda da wannan ba. Ɗan man nan shi ne yake shimfiɗa zafi daidai a jikin abinci, ya riƙe gishiri da yaji, ya hana shi bushewa kamar kirgi. Abin da ya ragu shi ne yawan man, daga rabin kwalba zuwa cokali.

Ki kunna na'urar ta yi minti uku zuwa biyar babu komai a ciki, a kan digiri 190, kamar yadda kike jiran mai ya yi zafi kafin ki zuba abu. Sai ki jera dankalin a kan raga, shimfiɗa ɗaya, da 'yar tazara tsakaninsu. A nan ne yawancin mutane suke kuskure. Gida da yawa, baki da yawa, sai a cika ragar maƙil don a gama da wuri. Amma ki tuna da shanya: idan kika tara jiƙaƙƙun kaya wuri ɗaya a kan igiya, na waje ne kaɗai zai bushe. Dankalin da aka tula, na tsakiya tururin 'yan'uwansa ne zai dafa shi, ya fito laɓe-laɓe. Gara ki yi zubi biyu. Bayan minti takwas ki buɗe ki juya, idan kuma raga biyu kika sa, ki musanya ta sama da ta ƙasa, domin ta saman ta fi kusa da wuta. Tsakanin minti 15 zuwa 20 zai yi. Ki ɗauki waɗannan lambobi a matsayin mafari kawai, domin kowace na'ura da halinta, kamar yadda kowane murhu yake da nasa. Idonki da hancinki su ne alƙalai, ƙofar gilashin ma don haka aka yi ta.

Nama yana da nasa sharaɗi. Kaza da aka yanka gunduwa-gunduwa takan ɗauki minti 22 zuwa 28 a kan digiri 180, a juya ta sau ɗaya. Da yake iskar tana jan bayan nama da sauri, zai iya ruɗar ki ya yi kyau a ido alhali jikin ƙashi bai nuna ba. Ki soki wurin da ya fi kauri, idan ruwan da ya fito fari ne tas babu alamar jini, ta yi. Masu ma'aunin zafin nama suna neman digiri 74 a tsakiya. Kazar gida da zabo sun fi kajin gidan gona tauri, don haka ki fara tafasa su da albasa da citta da tafarnuwa kamar yadda kika saba, ki tsane, ki shafa ɗan mai, sannan ki ba su minti goma zuwa goma sha biyu a kan digiri 200 su yi ja. Romon kuma ya tafi miya. Idan tsire kike sha'awa, ki sani garin ƙuli yana saurin ƙuna, fanka kuma tana iya hure busasshen yaji ta watsa shi kan ƙarfen wuta ya yi hayaƙi. Ki kwaɓa shi da ɗan mai ya manne a jikin naman, ki rage wuta zuwa 170, ki barbaɗa sauran yajin bayan kin sauke. Abu ɗaya ne ba za ki samu ba, ƙanshin hayaƙin itace na tukubar mai tsire, domin a nan babu itace. Kifi ya fi komai sauƙi: ki tsaga jikinsa, ki shafa wa ragar mai don kada ya manne, minti 12 zuwa 15 ya ishe shi.

Yanzu mu zo maganar da ta fi muhimmanci ga mai zama a Kebbe ko Kuchi ko wani ƙauyen da ke kewaye, wato wuta. Ki juya na'urar ki duba 'yar takardar da ke manne a bayanta ko ƙarƙashinta. Za ki ga lamba da harafin W, yawanci tsakanin 1,200 zuwa 1,800. Wannan shi ne yawan wat ɗin da take ja. Ƙwan fitila na zamani yana cin wat goma ko ƙasa da haka, ke nan na'ura mai wat 1,500 daidai take da ƙwai 150 a kunne lokaci ɗaya. Kada wannan ya tsorata ki, domin ba ta daɗewa a kunne. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Mai wat 1,500 idan ta yi minti ashirin, rabin yunit ta ci, ko ma ƙasa da haka tunda ƙarfen yana hutawa a tsakani. Ga mai wutar gari wannan ba tsada ba ne idan aka kwatanta da kuɗin man da za a cika kasko da shi.

Wahalar tana wajen abin da zai iya ɗaukar nauyinta. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, da kin jona ta zai shaƙe ya mutu, ko ya lalace. Sai wanda ya kai wat 2,000 zuwa sama, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tayar da babban janareta don suyar dankali lissafi ne da ba ya fita. Idan sola gare ku, ki tambayi maigida ko wanda ya haɗa muku ƙarfin inbatar, domin ƙarama ba za ta ɗauka ba. Batir mai lamba 200 na bolt 12 yana riƙe wat 2,400 na awa guda a lissafi, rabin wannan kuma ake so a taɓa idan ana son batir irin na dalma ya yi ƙarko. Girki ɗaya na minti ashirin zai kwashe kusan rabin wannan rabin. Shi ya sa mai sola ta fi dacewa ta yi amfani da ita da tsakar rana, lokacin da faifan sola ke shan rana, ta bar batir don fitila da fankar dare. Rana kuwa ba abin da ƙasar Sakkwato ta rasa ba ne.

Akwai kuma ranar da wuta take zuwa da rauni, fitila ta yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Idan ta sauka zuwa 180, zafin da ƙarfen zai bayar zai koma wajen kashi 61 cikin 100, sai ki ga minti ashirin sun cika abinci bai yi ja ba. Ba laifinki ba ne, ki ƙara lokaci ko ki koma murhu. A kan takardar nan ta bayan na'urar kuma ki tabbatar an rubuta 220 zuwa 240. Cikin kayan gwanjo akan sami waɗanda aka yi don Amurka, masu bolt 110 ko 120, waɗanda za su ƙone da zarar an jona su a nan. Ki jona na'urar kai tsaye a soket na bango mai kyau. Siririyar wayar jone-jone ta caji tana iya zafi ta narke, gobara kuma daga irin haka take tashi. Ki bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bango don iskar bayanta ta fita, ki nisanta ta da labule da leda da hannun yara, domin gilashin yana ƙuna.

Za a ce miki abincinta ya fi lafiya. Akwai gaskiya a ciki, gwargwadon man da ya ragu, tunda cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma kin huta da maimaita suya da man da ya yi baƙi. Kin huta da hayaƙin itace a ido da ƙirji, wanda iyayenmu mata suka sha shekara da shekaru. Amma gishiri da dunƙulen da kika zuba suna nan yadda suke. Kuma tun 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa har ya yi duhu yana haifar da wani sinadari da ake kira akirilamaid, wanda ba a son yawansa a jiki. Wannan ya shafi kasko da na'ura baki ɗaya. Ki sauke dankali da doya suna launin zinariya, kada ki jira su yi baƙi.

Wanki ba shi da wuya idan ba a bari ya kwana ba. Ki zare filogi, ki bari ta huce, ki fitar da raga da farantin da ke tare maiƙo a ƙasa, ki jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ki wanke da soso mai laushi. Soson ƙarfe yana kankare baƙin shafen da ke hana abinci mannewa, idan ya tafi kuma ba ya dawowa. Jikin akwatin goge shi ake yi da tsumma mai ɗan danshi, ba a tsoma shi a ruwa. Maiƙon da aka bari a farantin shi ne yake hayaƙi a girki na gaba, shi ne kuma yake gayyato kyankyaso da tururuwa. Da hunturu ki rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, saboda ƙurar da ke shiga ta ramukan fanka.

Ɗiyata ta sake kira bayan kwana biyu tana murna, awararta ta yi kyau, sai ta tambaye ni ko za ta iya suyar naman layya a ciki. Na ce ta yi wa maigida da baƙi hanta da 'yan tsokoki ranar Sallah, wannan daidai ƙarfinta ne. Amma rago guda, wanda ake so a soya shi ya bushe ƙarau cikin kitsensa don ya yi makonni a ajiye, raga uku ba za su ɗauke shi ba, za ta wuni tana zubi, mitar ma tana gudu. Na ce ta aro babban kasko wajen surukarta, ta tanadi itace tun kafin watan ya kama.